Asibi Mai Ɗakuna ta Kurmin Sarki

Haihuwa da Nasaba

An haifi marigayiya Lauratu, wadda aka fi sani da Asibi Mai Ɗakuna, a shekarar 1905 a ƙauyen Maje, cikin ƙasar Abuja ta wancan zamani, wato Suleja ta yau. Mahaifinta Malam Bamalli manomin dawa ne da doya, mahaifiyarta Uwani kuwa sana'arta daddawa. An yi mata laƙabi da Asibi ne saboda ranar Asabar aka haife ta. Ta yi karatun allo a zauren limamin Maje har ta kai izu goma, kuma tun a lokacin malaminta ya shaide ta da cewa yarinya ce wadda idan ta kafe a kan magana, sai dai a kawo mata hujja.

Aure da Takaba

A shekarar 1923 aka ɗaura mata aure da Alhassan, wani ɗan koli mai bin kasuwanni, ta tare a gidan danginsa da ke Kurmin Sarki, inda Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. A daminar 1936 zazzaɓi ya kama Alhassan a hanyarsa ta dawowa daga Keffi, ya rasu bai ƙaraso gida ba. Bayan ta fita takaba, danginta suka nemi ta koma Maje, amma ta ƙi, ta kafa tukunyar tuwo a bakin hanya, wurin da manyan motoci ke tsayawa.

A nan ne ta lura da abin da mutanen gari suke gani ba su kula ba. Direbobi da leburori da masu sana'a daga ƙasashen Nufawa da Yarabawa da Ibo suna ta kwararowa, alhali da yawansu a ƙarƙashin mota suke kwana, ko a rumfunan kasuwa, domin ba su san kowa ba balle a ba su masauki. Sai ta ƙudurta a ranta cewa za ta gina ɗakuna ta ba da haya, ko da yake ba ta taɓa riƙe tubali ba.

Neman Fili da Ginin Farko

A wancan zamani ba a sayar da ƙasa, sai dai mai unguwa ya yanka wa magidanci fili. Da ta je wa mai unguwa da buƙatarta a 1938, sai ya ce bai taɓa yanka wa mace ba, ta kawo wani namiji a yi da sunansa. Ta amsa masa da cewa, “Ranka ya daɗe, wanda zai ɗauki ƙasar ginin a ka, shi ya kamata a kira da sunansa.” Ta yi ta zarya ƙofar gidansa har ya gaji, ya nuna mata wani kwari a gefen hanya wanda kowa ya ƙi saboda ruwa na kwanciya a cikinsa.

Ta sayar da awakinta da tasoshin aurenta, ta ɗauki maginin da ya fi kowa araha, aka tayar da ɗakuna uku ba tare da harsashin kirki ba, domin ba ta san a tambaya ba. Ruwan Agusta na 1939 ya kwantar da biyu daga ciki kafin kowa ya shiga. Abin ya zama na dariya a kasuwa, har yayanta Ummaru ya taso daga Maje ya same ta tsaye a kan ɓaraguzai, ya ce, “Asibi, kin ja mana magana. Tattara yaran nan mu tafi gida.” Ta ce, “Yaya, ginin ne ya faɗi. Ni ina nan.”

Ranin da ya biyo baya ta ƙarar da shi tana tsayawa duk inda ake gini a gari, tana kallo tana tambaya, ana yi mata tsawa tana komawa. Daga bisani ta haƙa lambatu ta karkatar da ruwan kwarin, ta riƙa ɗauko duwatsu a ka daga gindin dutse kullum bayan ta sauke tukunya, har aka zuba harsashin da ya kai ƙugu. A 1940 ɗakuna huɗu suka tsaya, wani tela Bayarabe da wani kafinta Ibo da direbobi biyu Nufawa suka zama 'yan hayarta na farko.

Suka da Shari'a

Karɓar kuɗin ɗaki daga hannun baƙo abin kunya ne a idon mutanen wancan lokaci, saboda haka wasu mata suka daina amsa gaisuwarta, aka kuma daina gayyatarta biki. Ba ta je ba da haƙuri gidan kowa ba. Ta dai tambayi malamai, suka tabbatar mata da halaccin haya, ita kuwa takan ce baƙon kwana uku baƙonta ne, ya ci ya sha kyauta, amma wanda ya zo neman arziki ya shekara, wannan abokin ciniki ne.

A 1942 Datti, ƙanen mijinta, ya kai ta ƙara gaban alƙali da da'awar cewa da dukiyar marayu ta yi ginin, don haka shi ya cancanci riƙon gidan a matsayinsa na baffansu. Aka shawarce ta ta naɗa wakili kamar yadda mata suka saba, ta ƙi, ta je da kanta. Da aka nemi bayaninta sai ta ce, “Allah gafarta Malam, kayan kolin ubansu na nan a ɗaure, ko allura ban taɓa ba. Duwatsun da ke ƙarƙashin gidan nan kuwa sun san kan da ya ɗauko su.” Mai unguwa da wanda ya sayi awakinta suka ba da shaida, alƙali ya tabbatar mata da mallakarta.

Shekarun Baya

Daga nan al'amarinta ya bunƙasa. A 1951 ta cire jinka ta yi rufin kwano, a 1954 ta gina gida na biyu a Gauraka, kuma zawarawa da dama sun koyi neman fili da tsayawa a kan magina a wurinta. Wani attajiri ya taya gidan Kurmin Sarki da tsada, ta ce masa ba a sayar da saniyar tatsa don a sayi nono.

Rasuwa

A farkon 1958 ciwon ƙirji ya kwantar da ita, alhali ana tsakiyar ginin gida na uku. Wasiyyarta ta ƙarshe ga 'ya'yanta ita ce kada a sallami magina saboda zaman makoki, domin damina ba ta karɓar gaisuwar mutuwa. Ta rasu ranar wata Alhamis cikin watan Afrilu, tana da shekaru hamsin da uku. Aka yi mata sallah a ƙofar gidanta, aka binne ta a maƙabartar Kurmin Sarki, 'yan hayarta waɗanda ba Musulmi ba suna tsaye daga gefe har aka watse. Washegari masu zuwa ta'aziyya suka tarar da magina a kan bango.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku cikin huɗun da ta haifa, Lukuman da Saudatu da Talatu, da jikoki goma sha ɗaya. Allah ya jiƙanta da rahama, amin.