Kyamarar da Habibu Ya Hana Kowa Riƙewa

Daminar bana ta cika shekara tara da rasuwar ƙanena Habibu, malamin gona a Gwarzo. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kansa, amma duk sanda na zauna sai kyamararsa ta zo ta tokare mini a rai, in ajiye biro. Bana 'yarsa Ikilima ce ta hana ni gudu. Tana da shekara uku ya rasu, a hannuna ta tashi, kuma tun bayan ƙaramar sallah ta tasa ni gaba da magana ɗaya: tana son ta ga fuskar babanta. Na ba ta katinsa na zaɓe, ta juya shi ta sake juyawa, ta ce, "Gwaggo, wannan ai duhu ne da hula." Gaskiyarta, hoton ya koɗe, ko ni da muka sha nono ɗaya ba zan rantse shi ne ba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a zamaninsa babu wanda ya kai Habibu ɗaukar hoto a duk danginmu.

Tare da amininsa Garzali, wani tela a Kabo, suka je Kano sayen kyamara. Irin ƙananan nan ne da ba su wuce tafin hannu ba, in an kunna idonsu ya turo waje, su jawo abu na nesa har ka ga kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Garzali ya ɗauki wadda aka baje a kan kantar shagon ya biya, don shi ɗinkinsa kawai yake son ɗauka ya nuna wa masu kawo aiki. Shi kuwa Habibu, mai kantin ya ja shi gefe, ya rage murya, ya zaro wata daga ƙasan teburi. Baƙin kwali, jakar fata, ga ɗan tambari mai ruwan zinare ɗauke da sunan wani tsohon kamfanin Turai. Kuɗinta ya haura ninki biyu. Ni dai tun ina budurwa, duk mai kayan da ya ja ni gefe ya rage murya, jakata nake fara danƙewa.

Ranar da suka kawo su gidana na jera su a kan tabarma ina kallo. Tsayi ɗaya, kauri ɗaya, maɓallai a wuri ɗaya, har ƙarar da suke yi in an kunna iri ɗaya ce.

Na ce, "Habibu, waɗannan ai tagwaye ne, ɗaya aka yi wa kwalliya."

Ya ce, "Haba Yaya, ke atamfa kika sani, ina ruwanki da kyamara?"

To, atamfar ce ta koya mini. Na sha ganin zane ɗaya, an buga wa wannan suna a gefe, an bar wancan haka, mata suna rububin mai sunan. Bai saurare ni ba. Ya ce launin tasa ya fi zama, idonta na musamman ne, ga takardar garanti mai tsawo. Ban ƙaryata shi ba, don ba ni da ilimin abin, kuma jakar fatar kam mai kyau ce, har yau ba ta tsage ba. Amma sau nawa aka ajiye mini hotunansu biyu a gaba, in ƙura ido har hawaye ya zo, ban taɓa iya cewa wannan na wane ne ba. Shi ma na lura sai ya leƙa bayan hoton kafin ya yi magana.

Zargina ya ƙara ƙarfi a wani suna da muka je Getso. Ana shirin yanka rago batirin Habibu ya mutu. Garzali, ba tare da wata manufa ba, ya ciro nasa ya miƙa masa. Batirin ya shige zam, kyamara ta kama. Na yi shewa a tsakar gidan mutane, har uwar jego ta leƙo. Habibu ya ɗaure fuska ya ce ai batir ba shi ne kyamara ba, kuma bai yi mini magana ba har muka dawo Gwarzo. Daga baya wani mai gyaran wayoyi ya gaya mini ana yin haka: kamfani ɗaya ya ƙera, wani ya sa sunansa, ya ɗan taɓa nan da can, ya ɗora kuɗi. Ko iyakar gaskiyar ke nan, Allah masani.

Amma ba a aljihu tsadar nan ta fi cin ƙanena ba. Tun da ya san abin da ya biya, sai ya zama bawanta. Ba aro, ba riƙo, ko matarsa ba ta isa ta goge mata ƙura ba. A wurin biki in an ce, "Malam Habibu, kawo a ɗauke ka kai ma," sai ya rungume ta a ƙirji ya ce wani hannun zai yar da ita. In kuma wani ya ɗaga masa waya, irin wayoyin lokacin masu hoto dishi-dishi, sai ya kauce yana cewa kada a ɓata masa fuska, za a yi masa na gaske wata rana. Ta Garzali kuwa ta sha wuya. Ta faɗi a kasuwa, ta kwana a aljihun 'yan koyon ɗinki, an ɗaure murfinta da salatif, duk wanda ya ce a ba shi sai a miƙa masa. Zazzaɓin kwana kaɗan ya ɗauke Habibu, ranar hoton nasa na gaske ba ta zo ba.

Yau da za a ta da shi, na san abin da zai fara yi shi ne ya yi mini dariya. Waɗannan ƙananan kyamarori da muka ɗauka waya ta binne su, ga su sun dawo. Samari da 'yan mata masu manyan wayoyi suna neman su ido rufe, wai hotonsu ya fi taushi. Har wani dillali ya samo lambata, ban san ta ina ba, yana ta zaƙin baki cewa zai raba ni da tsohon kaya. Da na ji yana tambaya ko tambarin bai goge ba, ko kwalin yana nan, amma bai tambayi ko tana ɗaukar hoto ba, na gane abin da yake saye. Habibu zai ce, "Kin gani ko Yaya, tawa ta riƙe darajarta." Ni kuma zan ce masa, wanda ke shirin sayarwa shi wannan magana ta dama, mu hoto muke nema.

Cajarta ta ɓace tun zaman makoki, don haka wata Asabar na ɗauki Ikilima da kyamarar muka hau mota zuwa Kabo. Garzali ya fara furfura, amma yana nan a kan kekensa. Bayan mun gaisa, mun tambayi iyali da damina, ya jawo wani gwangwanin maɓallai ya tono kyamararsa da cajarta a ciki, ya sa batirinta a caji, muka jira. Batirin ya sake shigewa cikin ta Habibu zam. Wannan karon ban yi shewa ba.

Muka zauna a benci muna wuce hotuna. Ga gonakin gero a ƙauyen Jama'a, ga tsutsa a ganyen wake an jawo ta kusa har ana ganin gashinta, ga innarmu tana tsintar shinkafa, ga ni da baki buɗe ina yi wa wani faɗa. Ga Ikilima tana rarrafe, tana tsaye, tana kuka, tana barci, hotonta ya fi na kowa yawa. Muka kai ƙarshe. Babu Habibu ko a guda ɗaya. Yarinyar sai wasa take da bakin hijabinta, ni kuwa na ji ina jin haushin mamaci.

Garzali ya ce, "Yaya, bari mu duba tawa. Yara sun sha ɗauke-ɗauke da ita."

Can cikin hotunan riguna da ƙafafun mutane muka same shi. Ranar sunan Getso ce, tun kafin batirin Habibu ya mutu, wani ya ɗauka a karkace. Habibu na tsaye cikin shuɗiyar shaddarsa, ya ɗaga kyamararsa da hannu biyu daidai fuska. Garzali ya jawo hoton kusa. Tambarin ya fito tar, ana karanta kowane harafi. Bayansa babu abin da ake gani sai hula, da kunne ɗaya, da gefen baki.

Wanda ya tambaye ni ko mai tambari ta cancanci ƙarin kuɗinta, ba zan hana shi sayen abin da ransa ke so ba. Zan dai ce ya tambayi kansa ko zai iya miƙa wa wani ya ce ɗauke ni. Abin da ya rage mana na Habibu shi ne idonsa, duk abin da ya tsaya ya kalla da ƙauna yana nan a ajiye, kuma na gode wa Allah da wannan. Fuskarsa kuwa tana cikin kanmu ni da Garzali, mu ma tafiya za mu yi.

Mun wanke hoton a Gwarzo, yana jingine a kan durowar Ikilima. Dillalin ya sake kira na ce ba ta sayarwa ba ce, na ba yarinyar kyamarar, da sharaɗin duk wanda ya ce ta kawo ya ɗauke ta, ta miƙa masa. Shekaranjiya na same ta tsaye da hoton a gaban madubi, ta ja ɗankwali baya tana duba kunnenta. Ta juyo ta ce, "Gwaggo, in ya sauke kyamarar, da ni yake kama?"

Na ce mata ƙwarai kuwa. Ba ta da yadda za ta gane ko gaskiya na faɗa.