Gurmin Gwangwani

Shekarar da jam'iyyu suka fito, ina koyarwa a wata lakol, wato firamare, ta ƙauye kusa da Gangara, inda ake ce wa malami Mushe. Yajin aiki ya cinye mana rabin shekara, ga jarrabawar shiga kwaleji ta matso. A ajina 'ya mace ɗaya ce tak, kuma duk ta fi mazan kai. Ita nake sa ran in kai garin Agiye, inda ake jarrabawar, ta ci.

Muka zo darasin sauti. Littafi ɗaya gare mu, shi ma hoton wani ƙarfe ne a ciki wanda ni kaina ban taɓa riƙewa ba. Yaya zan gaya wa yaro ƙara rawa take yi, bai gani ba? Na ce kowa ya zo da gwangwanin madara da sanda, ni na roƙo tsohuwar wayar birki wurin mai gyaran keke. Muka huda, muka ɗaure, muka zuba ƙwayar hatsi bisa gindin gwangwani. Ana taɓa waya sai hatsi ya hau tsalle. Yara suka ruɗe da dariya. Yarinyar ce ta gano da kanta cewa in ta danne waya ta gajarta, muryar sai ta sirance. Wallahi ranar na ji daɗin aikina.

Daɗin ne ya kwashe ni, na ce kowa ya kai gida ya nuna. Ni ɗan birni, na manta a ƙauyen nan abin kiɗa na maroƙa ne, gadonsu ne, ɗan gidan mutunci ba ya taɓawa. Ita ko ta zauna ƙofar gida tana kaɗawa, har wata mata mai wucewa ta tsaya ta yi mata guɗa, ta ce gidan Alhaji an samu zabiya. Kafin la'asar magana ta gama gari.

Kwana uku ba ta zo ba, na tafi wurin uban. Dattijo ne mai sanyin magana, ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Na yi ta bayani, ilimi ne, rawar iska ce, ba roƙo ba. Ya saurara har na gaji.

"Mushe," ya ce, "karatu na ba ka ɗiyata ta yi. Tun kakana ba a taɓa yi mana guɗar maroƙa a ƙofa ba."

Nan zuciya ta ɗebe ni, halina ne, na ce jahilci ne wannan. Ya naɗe tabarmarsa ba tare da ya ɗaga murya ba. Har yau ina jin kunyar kalmar.

Na kai kuka wurin daraktan lakol ɗinmu. Ya ce da can sai a gaya wa mai gari, gobe a ga yarinya a aji. Yanzu dimokuraɗiyya ce, kowa da ra'ayinsa, shi kuma mai gari ba zai ɓata da gida mai ƙuri'a da yawa ba. Na aika liman wurin uban, na aika matata wurin uwar. Uwar ta yi kuka, ta ce ba ta da ta cewa.

Sunanta ya riga ya shiga takardar jarrabawa. Ranar a Agiye, mai kiran suna ya kira ta sau uku, sannan ya ɗago kai ya tambaya ko ɗalibar waye. Na ce tawa ce. Ya tambaye ni ko ba ta da lafiya.

"Lafiyarta lau," na ce. Ya ja layi, ya kira na gaba.