Mun Rufe Tagar, Baba

Ranar Talata, 12 ga watan Maris 1912, da hantsi, Allah ya yi wa surukina Kyaftin Fortunato Maggiolo rasuwa a gidansa da ke kallon teku. Ina tsaye a kansa da kofin ruwa a hannu. Na ajiye kofin, na rufe masa ido, na sauka na gaya wa maƙwabta. Har yau ban yi kuka ba, Baba. Mutane sai yaba haƙurina suke yi, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Zuciyar ce ta mutu mini, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Ba a zancenka sai an yi zancen jirginka. A Glasgow aka ƙera shi a 1875, jikinsa duk ƙarfe, iska ce take kora shi. Mutanen Ingila sun yi ta ɗauko rama daga Kalkata da ulu daga Ostiraliya da shi, har jiragen hayaƙi suka cika teku, suka rabu da shi. Kai ka je ka kawo shi. Sunansa na asali ya fi ƙarfin bakin mutanenmu, shi ya sa kowa Ɗan Ingila yake ce masa. Tsofaffin da suka girma a jiragen katako suka taru a bakin ruwa suna dariya, ɗaya ya ce, "Fortunato, tukunyar ƙarfe ka sayo mana?" Ka ce, "Tukunya ce, kuma daga cikinta gidanka zai ci." Haka kuwa aka yi, don kusan duk mazan layinmu a kansa suka yi aiki.

Abokin gabarka ɗaya ne a duniya, tsatsa. Kullum da 'yar guduma da kwalbar mai a aljihunka. Matuƙanka sukan ce sun fi jin tsoron ka ga jan tabo a jikin jirgi da su ga hadari ya haɗo. Amma su ɗin dai su ne ke ba da labarin Baciccia, wanda ya faɗo daga sama yana ɗaure ƙyallen jirgi a tsakiyar teku. Da hannunka ka yi masa ɗori. Ya tashi gurgu, da wani kyaftin ne da ya sauke shi a tashar farko, kai kuwa ka mai da shi kuku. Ka yi shekaru kana shan miyarsa kana cewa ta fi guguwa kisa, ba ka taɓa barin ko cokali ɗaya a kwano ba.

Ni 'yar kan tudu ce, cikin itatuwan zaitun na tashi. Da ɗanka Erasmo ya auro ni, ko kallon teku ba na iyawa, matan gari suka mai da ni abin ba'a. Wata rana jirgin yana tsaye a tashar Jenowa, ka kama hannuna ka hau da ni, ka ba ni gudumarka ka ce in buga. Na buga, ƙarfen ya amsa. Ka ce, "Kin ji ko, 'yata? Wannan ne zai riƙa dawo miki da mijinki." Na yarda da kai a ranar.

A 1905 yanar ido ta zaunar da kai, ka miƙa wa Erasmo jirgin. Ya ɗauki kwal daga Ostiraliya zai kai Chile. Bai isa ba. Jirgin katako idan ya halaka yakan bar ko ɓallin allo yana yawo a kan ruwa, wani ya tsinta ya kawo labari. Ɗan Ingila bai bar mana komai ba.

Ka san al'adarmu. Muddin ƙyauren tagar da ke fuskantar teku a gidan kyaftin yana buɗe, jirgi yana kan hanya. Ba mai sa baƙin kaya, Fadan coci ba ya addu'ar matattu, ba a kaɗa ƙararrawa. Kai ne babban gida, kai kaɗai za ka ce a rufe, ka ƙi. Shekara bakwai ke nan matan layinmu ba su da maza, ba su kuma zama zawarawa ba. Inna Nicoletta, matar Baciccia, ta taɓa hawowa har ɗakinka ta ce, "Kyaftin, don girman Allah ka bar ni in yi wa gurguna takaba kafin ni ma a ɗauke ni." Ka ce, "Nicoletta, jirgin da ba tsatsa a jikinsa ba ya nutsewa. Koma gida." Ta sauko tana zaginka har ƙofa, washegari ta aiko maka da kifi.

Na yi fushi da kai, Baba, fushi mai tsanani. Ina dafa maka abinci, ina aske maka gemu, ina kallon tagar nan kamar ita ta cinye mini ƙuruciya. Daga baya fushin ma ya tafi, bai bar komai a wurinsa ba.

Ranar Lahadi kafin rasuwarka, bayan an taso daga coci, ka kira ni. Ka ce, "Benedetta, iska ta yi yawa. Rufe tagar nan." Na ce, "Baba, ka san abin da kake faɗi kuwa?" Ka ce, "Makancewa na yi, ban haukace ba. Rufe."

Na ɗauka sai na nemo maza, don shekara bakwai iskar gishiri tana dukan ƙarafan da ke riƙe da ƙyauren. Na taɓa shi da yatsa, ya tafi sumul, ko ƙara bai yi ba. Na duba hannuna na ga mai, sabo a kan tsoho. Ashe duk shekarun nan kana lalubawa kana zuba masa mai, kana shirya shi don wannan rana. Ashe ka sani tun tuni. Kafin la'asar layinmu duk ya yi baƙi, ƙararrawa tana ta bugawa, kai kuma ka juya fuska bango ba ka sake magana ba.

Akwati ɗaya muka kai maƙabarta, amma Fada ya kira sunan kowane mutum da ya tafi da Ɗan Ingila, ya rufe da naka.

Ubangiji ya jiƙan ka, ya gafarta maka taurin kanka, ya saka maka da alherin da ka yi wa gidajen layin nan. Ya jiƙan Erasmo da Baciccia da duk waɗanda teku ta riƙe. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarka Luigina da dangin Maggiolo, da Inna Nicoletta, da kowace mace da ta ciro baƙin kaya daga ƙasan adaka a wannan mako. Allah ya ba mu haƙuri na gaske.

Ka huta, Baba. Idan ka riski ɗanka, ka gaya masa ba gajiya na yi ba, kai ka ce in rufe.