Ruwan da ke Cikin Talabijin ɗin Kawu

Shekarar da aka yanke mana Jihar Kebbi, a Bagudo, kakarmu Inna Tumba ta rasa masu sauraronta. A da, ana gama tuwon magariba mukan zagaye murhunta, tana gasa mana masara tana zuba tatsuniya. Sai ga Kawu Sani ya tsallako daga Benin ta Lolo da wata na'urar gem a bayan babur, ya haɗa ta da talabijin da batirin mota. Shi ke nan, muka watse muka bar tsohuwa da hayaƙi.

Ba laifinmu ba ne, wallahi. Akwai wani kaset da ɗan mutum ke nutso cikin ruwa shuɗi, haske na rawa a bayansa, kifaye na wucewa, kumfa na tashi daga bakinsa. Mu da muka saba da jan ruwan gulbi, baki buɗe muke kallo.

Wata rana Inna ta dogaro sandarta har ɗakin Kawu.

"Angona," ta ce da ni, haka take tsokanata, "nuna mini abin da ya ƙwace min kai."

Ta shafa gilashin, ta duba yatsanta ko ya jiƙe. Muka yi ta dariya. Ana cikin haka numfashin ɗan mutumin ya ƙare, ya saki jiki, ya yi ƙasa a hankali. Inna ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ku hiddo shi mana!"

Kawu ya danna maɓalli, ɗan mutumin ya dawo garau.

"Rai ukku gare shi, Inna," in ji Kawu.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu da kullum ke satar jiki zuwa wanka a gulbi, ga damina ta cika shi taf.

"Wagga ƙarya ta hi tawa kyau," ta ce. "Ku taso, dukkanku."

Ba wanda ya yi gardama. A bakin murhu ta ba mu labarin wani yaro, Manu, ɗan masunci a Kaoje. Ya faɗa gulbi, ruwa ya turo shi gaɓa. Ya sake faɗawa, wani mai jirgi ya cafko shi. Sai Manu ya riƙa cewa gulbi abokinsa ne, ba ya cin nasa. Ranar da ambaliya ta zo ya shiga ɗauko ƙwaryar uwarsa. Ƙwaryar ta dawo.

Muka yi ta jiran aljanar ruwa ta maido shi, kamar yadda aka saba. Inna ta yayyafa wa garwashi ruwa ta shige ɗaki. Damina ta ƙare ban ko leƙa gulbi ba.

Kwanan baya ɗana ya samo wannan tsohon gem a waya, ya kawo mini yana mamakin wai zanen zamaninmu ya kai haka kyau. Har yanzu ruwan na ɗaukar ido. Na ba shi labarin Inna, mahaifina na gefe a tabarma yana jin mu. Da na ambaci Manu, sai tsoho ya ɗago kai.

"Ta ce maku Manu?"

Na ce e.

Ya ce, "Yayana na, ɗanta na fari. Ni ta goya ranar."

Na bi wayar da kallo. Ɗan mutumin yana kwance a ƙasan ruwa, ɗana yana cewa in danna ya tashi, ni kuwa yatsana ya ƙi motsi.