Hadarin da Ya Taso Daga Yamma

Asabar ce, cikin watan Yuli, a tsakiyar shekarun 1990. Ƙarfe bakwai na safe na kunna ɗan murhun gas na ɗora shayi. Kawu Isufu yana bakin tanti yana gyara tsirkiyar gurminsa, yana mita wai shayina ruwan wanke kofi ne. Ƙanin mahaifiyata ne, mai sayar da atamfa a unguwar Château Rouge ta Paris. An gayyace shi bikin kiɗan gargajiya a wani fili bayan garin Lyon. Ni ɗalibi ne a Paris, na biyo shi in yi masa tafinta.

Ranar da muka iso, an ba mu wurin kafa tanti a tsakiyar fili, cikin rana. Muka dubi juna. Wane ɗan Damagaram ne zai zauna a rana alhali ga inuwa? Muka tsallake igiyar da aka ja, muka kafa namu a gindin wata ƙatuwar bishiya can bakin fili. Har dariya muka yi wa Turawa masu gasa kansu.

Huɗu da rabi na yamma aka yi sanarwa a lasifika: hadari na tafe, kowa ya bar tanti ya shiga rumbun gonar da ke kusa. Na fassara wa Kawu. Na ɗaga kai na duba gabas, fes. Baƙin girgijen yana yamma. A gida hadari daga gabas yake tasowa, wanda ya koma yamma ya riga ya wuce. Na ce masa ya yi kwanciyarsa, sai shida zai hau dandamali. Ni na faɗa da bakina, ni mai boko.

Biyar saura kwata, muna cikin tanti, kiɗa ya tsaya. Iska ta ɗauke cak. Biyar daidai ta dawo da ƙugi kamar jirgin ƙasa na shiga tasha. Ƙanƙara ta fara dukan tanti. Daga nesa wani yana ihu: "Sortez! Ku fito!" Na kama zif ɗin ƙofa, ya cije. Sai na ji ƙara a samanmu, ƙaƙas!

Reshe ne, kaurinsa ya kai jikin mutum. Ya danne mini ƙafar hagu, ya kwanta a ƙirjin Kawu. Jiƙaƙƙen tanti ya manne a fuskata. Na tura shi da hannu ɗaya don in samu numfashi. Agogona yana daidai idona: biyar da minti biyar.

Na yi ihu da Faransanci. Na yi da Hausa. Aradu ta haɗiye duka. Ruwa ya fara bi ta ƙarƙashin bayana, sanyi ƙalau. Na lalubo hannun Kawu, ya matse nawa. Ba ya iya magana. Numfashinsa yana fita da wani siririn fito. Na yi ta yi masa kalmar shahada a kunne, tsoro ya cika ni.

Biyar da rabi na ji muryoyi. Masu ceto ne suna bin tantuna layi-layi suna kira. Suka zo har bakin igiya, suka juya. A takardarsu babu kowa a bayan igiyar.

Shida saura kwata fiton ya tsaya. Hannun ya saki.

Shida da minti ashirin wata mata da ke neman karenta ta hangi takalmina. 'Yan kwana-kwana suka zo da zarto. "Kar ka motsa!" Suka yanka reshen gida uku. Aka ɗauke ni a kan wata ƙofar katako, aka ratsa da ni cikin taɓo, tsakanin yagaggun tantuna da kujeru a kife. Motar asibiti ba ta iya shigowa ba, sai da aka kai ni bakin titi. Kawu kuwa aka lulluɓe shi, aka bari a baya.

Kwanana tara a asibiti a Lyon. Ban samu sallarsa ba. Da aka sallame ni na hau jirgi zuwa Paris, na wuce gidansa a Sevran ina dogara sanduna biyu. Hajiya, matarsa, ta buɗe mini ƙofa. Ba ta tambayi wanda ya zaɓi wurin ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko ya sha wuya. Na ce mata nan take ne.

Minti arba'in ne. Ni kaɗai na ƙirga su.