Tudun da Bukar Ya Bar wa Na Baya

Bana shekara goma sha ɗaya da rasuwar aminina Dakta Bukar, malamin jami'a mai tonon kufai. A zamaninsa, in ka fita Haɗeja ka nufi fadama, akwai wani tudu da ake hangowa tun daga bakin kogi. Yau sai wanda ya san wurin ne zai nuna maka da yatsa.

Na taɓa ziyartarsa a sashensu. Ɗaki guda na wanke tsingaro, wani na shanya, ɗalibai zaune da burushin goge haƙori suna dirzar fasassun tukwane. Na yi masa ba'a cewa gwamnati na biyansa albashi don wanke-wanken matattu. Ya yi dariya, ya ce ai gara shi, kwanukansa ba a sake ɓata su.

Rani uku ya yi a tudun, amma gefe ɗaya kawai ya tona, ya mayar da ƙasa ya rufe. Ya ce haka ƙa'idar aikin take: ana bar wa na baya rabonsu, domin za su zo da kayan aikin da suka fi namu. Na ga irin wannan a Masar da Turkiyya, sai dai can akwai shinge da mai gadi. Namu Allah ne gatansa.

Shekarar da ambaliya ta yi tsanani, jingar da ke tare wa garin ruwa ta fara tsagewa, ko'ina ruwa, babu busasshiyar ƙasa sai ta tudun. Na tarar da matasa suna ɗura ta a buhuna don toshe jingar, tsingaro da ƙasusuwa duk a ciki. Na je wurin mai unguwa, na fara yi masa bayanin darajar tudun. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Alhaji, waɗancan sun gama kwanansu. Mu 'ya'yanmu ne a bayan jingar nan."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Da Bukar na raye, me zai ce? Wataƙila ma ya riƙe musu bakin buhu. Garin ya tsira. Kwalayen tsingaron da ya tara suna can a sashensu, an ce ɗalibai na buɗe su. Allah Ya jiƙansa. Amma inda tudun yake yanzu shinkafa ake shukawa, kuma ba za a taɓa sanin su waye suka zauna a wurin ba.