Hajiya Balaraba, Ungozomar da Ta Riƙe Mini Inna

Daga Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, tara ga watan Satumba na shekarar 2025, cikin watan Maulidi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Balaraba Tanimu, tsohuwar shugabar ungozomomi, a gidanta da ke Yelwa ta ƙasar Yauri. Ta rasu tana da shekara sittin da takwas. Ina cikin duba marasa lafiya a garin da nake aiki a Saudiyya, kusa da Ɗa'ifa, sai ga kiran Sista Esther, wadda ta daɗe tana aiki a ƙarƙashinta. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Likita, Mama ta tafi da hantsin nan." Aka yi mata sutura bayan sallar Azahar.

Hajiya, ni ne Zulkiflu, wanda kike kira Likita a gaban jama'a, in mun keɓe kuma ki kira ni da sunana kamar ɗan cikinki. Na rubuta wannan ne don mutane su san abin da kika yi mini, domin ke ba ki taɓa faɗa wa kowa ba.

Na fara saninki a shekarar 2011, lokacin da aka tura ni wani ƙaramin asibiti a bakin tafkin Kainji, ta wajen Warra. Ina sabon likita, kaina cike da karatu, ina ganin babu ciwon da zai gagare ni. Wata mata daga cikin tsibiran tafkin ta yi ta zuwa wurina da ciwon ƙirji da rashin barci. Sau huɗu tana zuwa, sau huɗu ina canza mata magani, ban ga komai a jikinta ba. A zuwa na biyar kika ja ta gefe, kuka yi magana da harshen Gungawa, wanda ni ba na ji. Da kika dawo kika gaya mini cewa jirgin mijinta ya kife wata shida da suka wuce, ba a ga gawarsa ba, kuma kullum da safe tana zuwa bakin ruwa ta zauna. Kika ce, "Ka duba jikinta har sau huɗu, amma ba ka tambaye ta wa ta baro gida ba." Na ji kunya ƙwarai a ranar. Wannan maganar ce ta sa bayan shekara uku na tafi Sakkwato na ƙware a aikin likitan iyali, wato likitan da ke duba gida gaba ɗaya, daga jariri har kakarsa, ya san ciwonsu ya kuma san zamansu.

Mutanen bakin ruwa sun fi ni sanin sauran ayyukanki. Da idona na ga an kawo mai naƙuda cikin kwale-kwale, jini ya ɓalle mata, masu jirgin na neman yadda za su ɗauko ta. Ba ki jira ba. Kika tattare zane kika shiga ruwa har gwiwa, kika hau jirgin, kika karɓi haihuwar a nan, mata suka kare ku da gyalensu. Uwar ta rayu, ɗiyar ta rayu. Har yau a tsibiran nan akwai 'yan mata da yawa masu suna Balaraba da ba ranar Laraba aka haife su ba.

Na dawo ƙasar Yauri da aiki bayan kin yi ritaya. Zuwa ƙarshen shekarar 2021 na gaji, ba zan ɓoye ba. Layin marasa lafiya ba ya ƙarewa, hanyoyi sun daina aminci, kuma sace ɗalibai da aka yi a Birnin Yauri a daminar shekarar ya hana matata Mufida kwanciyar rai game da 'ya'yanmu. Na nemi aiki a waje, amsa ta zo daga ƙasa uku. Kanada na neman likitan iyali a wani gari mai nisa can arewacinsu, da alkawarin takardar zama ta dindindin da makaranta mai kyau ga yara. Nan Mufida take so. A Ingila ina da abokan karatu da yawa, ga damar ƙara ilimi. Saudiyya kuwa aikin kwantiragi ne, ka yi shekarun da ka yi, ba za ka zama ɗan ƙasa ba, ranar da aka sallame ka sai ka tattara. Wata biyu ina juya maganar. Gidana ya yi tsami, ni da Mufida muna gaisawa kamar baƙi. Ga kuma mahaifiyata, Inna, a ƙauyenmu ta wajen Shanga, da hawan jini da ciwon sukari, ta ce ba mai raba ta da ɗakin da mahaifinmu ya bar ta.

Wata ranar Asabar bayan La'asar na same ki a tsakar gidanki kina tsince shinkafa a faranti. Na fito da takardar da na ja wa layi uku, na karanta miki alherin kowace ƙasa da aibinta. Kika saurara har na gama, hannunki bai bar farantin ba. Sannan kika ce, "Duk na ji. To Inna fa, a wane layi ka rubuta ta?"

Na ce babban tsorona shi ne a kira ni a ce ta rasu, a rufe ta ban gan ta ba.

Kika ce, "Wanga tsoro ka aje shi. Ko Kano kake, ana iya rufe ta ba ka iso ba, mu ba mu jinkirta gawa. Mamaci ba shi buƙatar likita. Mai jinya ke buƙatar ɗa. Ka duba ƙasar da in anka kira ka Inna na kwance, kana iya iske ta da ranta ka riƙe hannunta."

Na tambaye ki ko kina ganin na ci amanar mutanen da zan bari. A raina ina fatan ki wanke ni. Ba ki wanke ni ba. Kika ce tafiyata za ta bar giɓi, kuma akwai waɗanda za su sha wuya saboda ita, kada in bari kowa ya gaya mini saɓanin haka. Amma kika ƙara da cewa likitan da ya zauna alhali zuciyarsa ta riga ta tafi, shi ma ba ya nan. Har yau wannan maganar na da nauyi a kaina, kuma na gode da ba ki sauƙaƙa mini ita ba.

Ban roƙe ki komai ba bayan wannan, amma ba ki tsaya nan ba. Kika aika aka kira Mufida, kuka wuni tare. Ban san duk abin da kuka tattauna ba. Abin da ta gaya mini kawai shi ne, ke ce mutum na farko da ya tambaye ta abin da take tsoro, ba abin da take so ba, kuma ba ki ce mata ta yi haƙuri ba sai da kika amsa mata cewa lalle za ta rasa wani abu. Ta amince da Saudiyya, wadda ta fi sauran kusa da gida, bisa sharaɗin za mu sake duba maganar idan yara sun girma.

Saura Inna. Ranar da na gaya mata, ta kau da kai ta ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Kika hau motar haya kika je Shanga da ƙafarki. A gabana kika ce mata, "Yaya, ki sa mishi albarka. Ni na ɗauki awonki da maganinki, duk Alhamis biyu kina ganina, in dai ina numfashi." Inna ta daɗe tana kallonki, sannan ta ce in dai ƙasar Manzo ce, ba za ta hana ni ba. Na tafi a farkon shekarar 2022.

Alkawari kaya ne, kuma na ɗauka za ki yi wata uku ko huɗu, gajiya ta sa ki rage. Shekara uku da rabi kika yi. Duk Alhamis biyu kina cikin motar Shanga, da jakarki mai na'urar awon jini da ta gwajin sukari, ko da ruwa ko da rana. Na nemi in sa a riƙa kai ki da mota ta musamman, kika ce ke ba gwamna ba ce. Da yamma sai saƙon muryarki ya shigo wayata: "Likita, jini ya ɗan hau. Na iske ta da fura an zuba sukari. Mun yi faɗa, mun shirya, ta ba ni kifi." Abokan aikina Larabawa sun sha ganina ina dariya ni kaɗai, ba su san dalili ba.

A daminar 2023 ne Allah Ya nuna mini amfanin zuwanki. Kuna zaune Inna na shan kunu, ludayi ya suɓuce mata, kika ji harshenta ya yi nauyi, kika ga gefen bakinta ya ɗan karkace. Mutanen gida suka ce gajiya ce, a bar ta ta kwanta. Kika ƙi. Kika sa aka tsayar da mota, kika ɗauke ta zuwa asibiti a Yelwa, kina kan hanya kika kira ni kika ce, "Shanyewar ɓarin jiki ce take farawa. Taho." Ranar Juma'a na tashi daga Jidda zuwa Kano, Asabar kafin Magariba ina bakin gadonta. Ba ta iya magana ba, amma da na kama hannunta na hagu ta matse nawa. Kwana ashirin na yi ina jinyarta. Yau Inna na tafiya da sanda, tana magana, tana yi wa jikokinta faɗa.

Ba zan ce zaɓin da na yi ba shi da ciwo ba. Wani lokaci ƙawar Mufida kan aiko da hotunan 'ya'yanta daga Kanada, in ga matata ta daɗe tana kallonsu. Ban san inda za mu kasance nan da shekara biyar ba. Amma ban taɓa nadamar waɗannan kwana ashirin ɗin ba, kuma ke kika ba ni su.

A ƙarshen shekarar 2024 kika zo Umra, na je na same ki a Makka. Ina ganinki na san ba lafiya. Kin rame, farin idonki ya yi rawaya. Da ƙyar kika yarda na kai ki aka yi gwaji. Sakamako ya nuna ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Na shigo ɗakin da takardar a hannu, na tsaya ina kewaye-kewaye, ina maganar ƙarin gwaji. Kika dube ni kika ce, "Zulkiflu, zauna. Ban taɓa koya maka faɗar irin wagga magana a tsaye ba." Na zauna, na gaya miki gaskiya duka. Kika tambaya ko za ki ga azumi, na ce ina sa rai. Kika yi hamdala. Na roƙe ki ki zauna wurinmu a yi abin da za a iya, kika ce a'a, kin fi son ciwo ya iske ki a ɗakinki. Ni ne na yi kuka a ranar, ke kika yi ta ba ni baki.

Kin ga azumi, kin ga Babbar Sallah, kuma ba ki fasa zuwa Shanga ba. Sai daga baya na gane abin da kike yi. A zuwanki na ƙarshe-ƙarshe kin zaunar da Hajara, matar ƙanena, kina koya mata ɗaura na'ura, da karanta lamba, da lokacin kowane magani, da alamun da in ta gani kada ta jira kowa. Sai da ta yi a gabanki sau da yawa babu kuskure. Ranar Alhamis ɗin ƙarshe saƙonki ya shigo, muryarki ƙasa-ƙasa: "Likita, na miƙa aiki. Hajara ta iya, hannunta ya ma fi nawa taushi. Ƙafata ba ta ƙara kai ni Shanga. Na ce in dai ina numfashi, ga shi ina numfashi ban iyawa. Ka sauke mini alkawari, ka yafe mini sauran."

Hajiya, ke da kika ɗauki nauyin da ba naki ba, ke ce kike neman yafiya. Na kira ki a take na ce na sauke, kuma babu sauran da za a yafe. Na zo hutu cikin watan Muharram na same ki a kwance, na faɗa miki godiyata baki da baki, kina murmushi kina cewa in bar zancen. Na yi wa Allah godiya da Ya ba ni wannan damar kina ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki, Almustapha da Khadija, da jikokinki, da dukan zuriyar marigayi Malam Tanimu. Kun bar mu mun amfana da mahaifiyarku tare da ku, ba ku taɓa nuna ƙyashi ba, Allah Ya saka muku. Ina yi wa Sista Esther da sauran waɗanda suka koyi aiki a hannunki ta'aziyya, da matan Warra da na tsibirai da na Yelwa waɗanda ta hannunki suka sauka lafiya. Ina yi wa Inna ta'aziyya, wadda ta ƙi a karɓa mata gaisuwa, ta sa aka kawo ta Yelwa da sandarta ta zauna cikin masu karɓar makoki kwana uku, tana cewa ƙanwarta ce ta rasu.

Ya Allah, baiwarKa Balaraba ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshenta wurin tambaya. Duk takun da ta yi zuwa ga mara lafiya, Ka sanya shi a mizaninta. Ka haɗa ta da salihan bayinKa a Aljannar Firdausi, Ka ba iyalinta haƙurin rashinta, Ka albarkaci bayanta. Mu kuma da muka saura, Ka sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.

Dakta Zulkiflu Usman Shanga